Kilabiyen Baba Barthélemy

Babana Barthélemy ya rasu da kakar bara, gero yana tsaye a gona ba a gama yanka ba. Mun binne shi a maƙabartar Kiristoci ta Dogon Dutsi. Ni ce Carine, autarsa, ina aikin jinya a Dosso. Har yau ban yi masa kuka ba. Wurin zaman makoki mata sun yi ta satar kallona, wata tsohuwa har ta matse mini hannu ta ce in yi kuka in huta. Na so in yi, babu abin da ya zo. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki in ba marasa lafiya magani, amma kamar wata ce ke yin abubuwan nan, ni kuwa ina gefe ina kallonta. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi ko wane ne shi, ko Allah zai sa wani abu ya motsa a cikina.

A wani ƙauye kusa da Kiéché aka haife shi, gidan manoma masu bori. Yana yaro ƙafarsa ta yi gyambo, aka yi ta magani a gida bai ji ba, a ƙarshe kakanmu ya ɗora shi a jaki ya kai shi wurin 'yan mishan a Dogon Dutsi. Ƙafa ta warke, yaro kuwa bai koma ba. Suka sa shi lakkwal, wato makarantar boko, suka yi masa baftisma. Wata Baturiya da ke riƙe da ofishinsu ta ga yana da dogayen yatsu da rashin surutu, sai ta koya masa buga rubutu a mashin. Yadda ta koya masa shi ne, takan shimfiɗa ƙyalle a kan hannuwansa, ya yi ta bugawa bai ga haruffa ba. In ya leƙa ƙarƙashin ƙyallen, ta zare takardar ta ce a sake daga farko. Tun daga lokacin Baba bai ƙara duban yatsunsa ba in yana aiki. Bango yake kallo, ko kuma ya lumshe ido kamar mai addu'a. Da Baturiyar za ta koma ƙasarsu ta bar masa ƙaramar mashin ɗinta, ita ce ta zauna a gidanmu tun kafin a haife mu.

Da wannan sana'a ya samu aikin sakatare a ofishin kumandan, mai mulkin yankin, ya yi shekaru masu yawa a kujera ɗaya. Mutanen gari ba su wahalar da kansu da sunan Barthélemy ba, Mai Mashin suke ce masa. Rabin dattawan yankinmu na Arewa daga yatsunsa suka samu shekarar haihuwarsu. Mutum ya zo neman takarda bai san yaushe aka haife shi ba, sai Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi wace yunwa ya fara tunawa, ya buga masa shekara. Har ya mutu akwai wani mahauci da ke jin haushinsa wai ya tsofar da shi.

Ba mutum ne mai magana ba. In na ce ba mai magana ba, ina nufin kana iya wuni da shi ka ƙirga abin da ya faɗa a yatsun hannu ɗaya. Taurin kai kuwa, in ya kafe a kan abu ko jakin Kiéché ya san ya ga ubangidansa. Abin da bakinsa bai faɗa ba, mashin ce ke faɗa. Da yamma yakan fito da ita ƙarƙashin bishiyar bedi ta tsakar gida ya buga wa mutane takardun neman aiki, ko tsarin waƙoƙin majami'a, ko ma ba komai.

Innarmu Hélène ba ta yi lakkwal ba, ba ta san ko harafi ɗaya ba. Sana'arta kopto, wato kwaɗon zogale, da take sayarwa a ƙofar gida. Amma ta fi kowa sanin abin da mashin ke cewa. Tana tsinkar zogale sai ta ce mana, "Ku kauce ma ubanku yau, hushi shika yi." Mu saurara, mu ji yana dukan haruffa kamar ƙanƙara a kan kwano. In an biya albashi, bugun sauri ne mai sauƙi. Ta ce akwai wani bugu na uku, a hankali, harafi ɗaya sai ya numfasa sannan wani, kuma sau ɗaya tak ta taɓa jin sa. Tana kwance a ɗaki da jegon ɗanta na fari, shi kuma yana waje yana buga sunan jaririn a 'yar takardar da zai kai wa fasto.

Jaririn nan shi ne yayana Obadiya. Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Haka al'adarmu take, Kirista da Musulmi da ɗan bori duk ɗaya ne a nan: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa, ko "yaron ga". In tana son ya ci abinci, ni za ta ce wa, "Gaya ma wancan tuwo na hucewa," alhali yana zaune kusa da ita. Ko da ya girma ya yi aure mutane suna ce masa Baban Marwa, ita ko wannan ba ta iya faɗa a gabansa. Kowa ya san ta fi son sa a kan mu duka, don haka ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

Obadiya bai yi nisa a karatu ba. Ya bar lakkwal ya shiga fatauci, yana zuwa Kamba da Sakkwato yana sayo kaya. Wata shekara ya dawo da gemu da wando iya ƙwauri, ya ce ya musulunta, sunansa yanzu Abdussalamu. Mashin dai ta sha duka a hannun Baba. Da abin ya tsaya nan, ina jin da an daɗe da shiryawa, don ba mu ne gidan farko da aka yi haka ba a Dogon Dutsi. Sai ga Nowel, wato Kirsimeti, ta zo, Baba ya yanka rago, gida cike da baƙi, aka miƙa wa yayana kwano. Yaro da zafin sabon shiga, maimakon ya ce ya ƙoshi, sai ya ture kwanon ya ce a gaban kowa shi ba ya cin yankan wanda ba ya salla. Ina ƙarama amma ina tuna ranar. Baba ya ajiye wuƙar da ke hannunsa ya ce:

"Wanda na haihwa, Obadiya sunanshi. Wanga da ke tsaye ban san shi ba. Bakin ga nau ba shi ƙara kiranka, ba shi ƙara yi maka magana."

Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ya riƙe ta kusan shekara ashirin.

Shi yayana ya huce tun da daɗewa. Shekaru sun sanyaya shi, malamansa ma sun gaya masa abin da ya yi ba addini ba ne, rashin kunya ne, kuma haƙƙin iyaye yana kansa ko da wane addini suke yi. Ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ya turo dattawan unguwa. Faston majami'armu da kansa ya zo ya karanta wa Baba ayoyin gafara har bakinsa ya bushe. Baba ya saurara da ladabi, ya raka shi ƙofa, ya dawo ya ci gaba da abinsa. Buhun shinkafa yakan shigo gidan kowane wata, Baba ya ci, ya yi kamar daga sama ya faɗo. Matar yayana, Afra'u, yana amsa gaisuwarta. Jikarsa Marwa kuwa a kan cinyarsa ta girma. Uban yarinyar ne kawai bai wanzu ba. Haka yayana ya zama mutumin da uwarsa ba ta yi masa magana don so, ubansa ba ya yi masa don fushi. Baƙo in ya shigo gidan ba zai iya bambancewa ba.

Da ordinata, wato kwamfuta, ta shigo ofisoshi aka sallami Baba ya yi ritaya. Bayan wasu shekaru yanar ido ta rufe masa gani, sai dishi-dishi yake gani, haske da inuwa kawai. Sannan maƙogwaro ya fara ciwo. Ya ɓoye, kamar yadda ya saba, har sai da ruwa ma ya gagare shi haɗiya. Muka kai shi Yamai, likitoci suka yi masa aiki, suka ceci ransa na ɗan lokaci amma suka tafi da muryarsa. Yayana ne ya yi ta kai da kawo a asibitin, yana kwana a baranda, bai shiga ɗakin ba sai in Baba yana barci.

Da muka dawo gida aka rasa yadda za a yi da shi. Na ba shi biro da takarda, sai layi ya hau kan layi, ba mai iya karantawa. Tsohuwar mashin ta yi tsatsa, ƙyallen tawadarta ma an daina sayarwa, kuma ko ta yi aiki wa zai karanta wa Inna? Sai ya koma buga cokali a kofi. Bugu ɗaya ruwa, biyu bayan gida, sauran kuma sai dai a yi ta canka yana girgiza kai har ya gaji ya juya baya. Mutumin da bai damu da magana ba, da aka ƙwace masa ita sai ya fara ƙarewa a tsaye.

A Dosso na ga abin. Wata ɗaliba da ta zo koyon aiki wurinmu tana da ɗan allon haruffa siriri, kilabiye, ba shi da igiya ko ɗaya. Ta jingina wayarta da kofi tana bugawa a allon, rubutu yana fitowa a wayar. Na tambaye ta, ta ce ta bulutut suke haɗuwa, ta nuna mini yadda ake yi. Na duba jerin haruffan, na ga irin na Faransanci ne, daidai da na mashin ɗin Baba. Washegari na shiga kasuwa na sayo ɗaya. Ita ce kuma ta sa mini wata manhaja a tsohuwar wayata, wadda in an buga rubutu aka danna babban maɓallin dama, sai murya ta karanta shi a fili. Na cire makullin wayar gaba ɗaya, na bar manhajar a buɗe kullum, don da ya taɓa harafi ta farka.

Na kai masa ranar Asabar. Na ɗora allon a cinyarsa, na kama yatsunsa na sa a layin tsakiya. Ya shafa, ya ɗaga shi ya ji rashin nauyinsa, ya taɓe baki. Sannan ya ɗaga kai ya fuskanci bango, yatsun suka fara tafiya da kansu. Ya danna babban maɓalli. Muryar wata mace, da harshen Faransawa tsantsa, ta ce daga cikin wayar:

"Elen, miyar jiya gishiri ya yi yawa."

Yadda ta murɗe Hausar sai da muka saurara sau biyu kafin mu gane. Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana share ido da bakin zane. Wata huɗu mutum bai yi magana ba, da ya samu baki abin da ya fara fitowa ke nan. Daga ranar muka sa wa muryar suna Madam.

Kafin in koma Dosso na gwada abu ɗaya. Na ce Baba ya yi ta bugawa, ni kuma na ɗauki wayar ina tafiya da ita ina kallo. A tsakar gida haruffa suna shiga. A cikin zaure suna shiga. Ina taka dokin ƙofar waje suka tsaya cak. Na dawo na gaya wa Inna, in dai yana rubutu kada wayar ta wuce zaure, in ta wuce duk abin da ya buga iska ya buga wa. Ta ce ta ji. Muka samar wa wayar wuri a kan 'yar kujera, dama da tabarmarsa.

Baba ya farfaɗo. Ya yi gardama da fasto ta bakin Madam a kan waƙoƙin da matasa suka lalata. Ya ba Marwa labarin gyambonsa da jakin kakanmu. Har akuyar maƙwabta da ke shigowa cin zogale ya sa Madam ta zaga, akuyar ta tsaya tana kallon kujera. A watannin nan ya yi maganar da ta fi ta duk rayuwarsa yawa. Kilabiyen ba ya ƙara kamar mashin, ɗan ƙas-ƙas ne kawai, amma Inna ta ce tana ji, kuma bugun bai canza ba, na fushi na fushi ne har yanzu.

Matsala ɗaya ce, caji. Unguwarmu a bakin gari take, turakun kuran, wato lantarki, ba su iso ba. Kilabiyen yana yin makonni bai nemi komai ba, wayar kuwa kullum sai ta sha. Yayana yana da fano na hasken rana a kan rumfarsa ta kasuwa, inda yake sayar da yadi. Ba wanda ya sa shi, shi ya ɗauki aikin. Kullum bayan azahar, lokacin da Baba ya saba kishingiɗa, sai ya shigo, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan da tabarma, ya ce a hankali, "Baba, ina wuni." Ba a amsawa. Ya ɗan jima a tsugune, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki wayar ba tare da ƙara ba, ya tafi. Kafin magariba ya dawo da ita cike ya ajiye a inda ya ɗauka. Wannan ce hidima ɗaya da Baba ya bari ya yi masa da hannunsa, kuma yayana ya riƙe ta kamar salla.

Madam ta yi wa kowa magana a gidan nan, har akuya, ban da shi. Wata rana haushi ya kama ni na ce, "Baba, da bakinka ka yi rantsuwa, ba da yatsu ba. Bakin ma an tahi da shi Yamai. Mi ya rage?" Ya buga kalma biyu da ƙarfin da na ji tsoron allon zai tsage. Madam ta ce, cikin sanyin muryarta, "Ba ruwanki."

A wannan zuwan ne na bi yayana rumfarsa. Na same shi yana auna yadi, wayar Baba tana rataye a jikin igiyar caji. Na ce masa ya haƙura, tsohon nan ba zai sauya ba. Ya naɗe yadin, ya sallami mai saye, sannan ya ce:

"Carine, ba gado nika so ba, ba kuma cewa na yi shi bi addinina ba. Kalma guda ta. Shi ce ya yahe mini. In yam mutu da hushina, ban san inda za ni sa kaina ba, nan duniya ko gobe."

Na ce to Allah shi sa. Ban yi zaton za a yi ba.

Da damina ta yi nisa ciwon ya dawo. Muka sake kai shi Yamai, likita ya ja ni gefe, da yake ni ma'aikaciya ce, ya ce mu mai da shi gida ya huta. Na san ma'anar wannan. Baba ma ya sani, ba wanda ya gaya masa. Na zauna da shi 'yan kwanaki, hutuna ya ƙare na koma Dosso. Abin da ya biyo baya ba a gabana aka yi ba, Inna ce ta gaya mini.

Ya kwana biyu bai taɓa kilabiyen ba. Ranar, bayan azahar, yayana ya shigo kamar kullum, ya tsuguna, ya yi gaisuwa. Inna tana bakin madafa tana tsinkar zogale. Ta ga Baba ya yunƙura ya tashi zaune, yana lalube a gefen tabarma. Kafin ya samu allon ya ɗora a cinya, yayana ya riga ya ɗauki wayar ya juya, yana tafiya a hankali don kada ya dame shi. Baba bai gani ba. Ya juya fuskarsa daidai inda yaron ya saba tsugunawa, abin da bai taɓa yi ba, ya fara bugawa.

Inna ta ce tana jin bugun ta gane. Ta watsar da zogalen ta bi shi da gudu. Ta ratsa zaure ta leƙa waje, ga shi can ya hau moto, babur ɗinsa, yana tayarwa, ya ba ta baya. Mutane suna dawowa daga masallaci, hanya cike da maza. Ta buɗe baki. Ta ce, "Kai!" Mutum uku suka waiwayo, ban da shi, ƙarar moto ta rufe masa kunne. Abin da ya rage shi ne ta kira sunansa da ƙarfi, sau ɗaya, zai ji, don ɗa yana jin muryar uwarsa ko a tsakiyar kasuwa. Ta tsaya da baki buɗe har moton ya sha kwana.

Ta dawo ta same shi yana ta bugawa, fuskarsa tana kallon wurin da ba kowa. Na tambaye ta don me ba ta tsayar da shi ba. Ta ce, "Na ji tsoro. Na ce in na taɓa shi yat tsaya, ba shi ƙara somawa." Wata waya babu a gidan, kasuwa kuma da nisa. Ta zauna a bakin tabarma tana kallon yatsunsa. Ya daɗe yana yi. Yakan tsaya ya huta, ya share bakinsa, ya ci gaba. Da ya gama ya danna babban maɓalli, ya haɗa hannuwansa a kan allon, yana jira.

Ba abin da ya yi magana. Ya sake dannawa. Ya miƙa hannu ya shafa kan kujera, ya shafa ƙarƙashinta. Inna ta ce masa, "Ya tahi da ita caji. Tun ɗazu." Sai ya sauke kilabiyen daga cinyarsa, ya ajiye shi a hankali, ya kwanta ya fuskanci bango.

Kafin yayana ya dawo zazzaɓi ya rufe shi. Aka kira ni na zo washegari. Na ɗora masa allon, na sa yatsunsa a layin tsakiya kamar ranar farko, na ce, "Baba, ga waya nan, ga yayana nan kusa da kai, sake bugawa." Yatsun suka kwanta a inda na sa su. Ban sani ba ko ƙarfi ne babu, ko kuwa ya ga ya riga ya faɗa sau ɗaya, kuma shi ba mai maimaita magana ba ne. Bayan 'yan kwanaki ya cika, da hantsi, Inna tana riƙe da ƙafarsa.

Yayana ya tsaya a bakin maƙabarta har aka gama, abokansa 'yan kasuwa suna bayansa. Da baƙi suka ragu, wata rana da la'asar ya shigo gida ya same ni da Inna a ƙarƙashin bedi. Ya tsuguna, ya ciro wayar daga aljihu ya miƙo mini. Ya ce tun ranar ya ga rubutu a jikinta, da ya isa rumfa zai sa ta caji, amma bai san yadda aka yi ba, ya ɗauka hannunsa ne ya taɓa wani abu. Sai da na gaya masa labarin Inna ya fahimta. Na duba. Abin da wayar ta kama ke nan tsakanin tabarmar Baba da dokin ƙofa, kafin yayana ya fita da ita:

Abdussala

Babu komai bayansa. Ya ce in sa Madam ta karanta. Na ɗauko kilabiyen na danna babban maɓalli, ta faɗe shi da murɗaɗɗen harshenta, ta yi shiru. Sunan da Baba ya ce bai san mai shi ba. Yayana ya sunkuyar da kai ya ce da ni, don ba ya iya tambayarta kai tsaye:

"Tambayi Inna. Mi yab buga bayan wanga?"

Inna ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Gaya ma wancan ban iya karatu ba."

"Ya yahe, ko bai yahe ba?"

"Gaya mishi ban sani ba. Ba ni yi ma mamaci ƙarya." Ta ɗauki reshen zogale ta riƙe, ba ta tsinka ba. "Amma gaya mishi a hankali yab buga. Guda, shi numfasa, sannan guda. Sau biyu ke nan ina jin bugun ga."

Yayana ya san na farkon, kowa a gidanmu ya san labarin. Ya rufe fuskarsa da hular da ke hannunsa, kafaɗunsa suna rawa. Na zauna ina kallonsa, ina jira in ji wani abu, ban ji ba. Da ya natsu ya karɓi wayar ya mai da aljihu. Har yau tana rumfarsa a jikin caji, ba ya bari ta mutu, yana tsoron in ta mutu rubutun zai goge. Na gaya masa ba zai goge ba. Bai yarda ba, ni ma ban matsa ba.

Bayan ya fita na tambayi Inna abin da ke cina tun ranar da ta ba ni labari. Na ce, a bakin ƙofar nan, wane suna ta so ta kira, Obadiya ko Abdussalamu?

Ta ce, "Duka biyun sun zo har bakina, ɗiyata. Shekara arba'in ban koya ma harshena ko guda ba."

Ta jawo kwanon gabanta ta ci gaba da tsinkar zogale, don gobe akwai masu saye.